Kabad Mai Kulle Kansa

Shekara tara Maman Ɗigo tana jiran haihuwa. Da haihuwar ta zo kuma sai ta zo bakwaini, 'yar mitsitsiya, har wata nas ta ce wannan ai ɗigo ce, ba jaririya ba. Sunan ya bi yarinyar, ga ta yau shekara huɗu ba a san ta da wani ba.

Tun ranar tsoro ya samu wurin zama a zuciyar uwar. Almakashi, reza, allura, ashana, duk a wurinta jira suke ta juya baya. Ga shi ɗinki take yi a falo, sana'ar da ba ta rabuwa da kaifi da tsini. Ɗigo na miƙa hannu ga abin da aka hana ta, sai duka. Ba mugunta ba ce. Ita dai a lissafinta gara yarinya ta yi kuka a hannunta da ta yi a gadon asibiti.

Shi ya sa neman kabad ɗin da za ta riƙa kulle kayan aikinta ya ci mata wata guda. Na katako ta ce yaro ma ya ja ƙofar da ƙarfi ta buɗe. Na roba ta ce atishawa ma ture shi za ta yi. Na gilashin zamani kuwa, cokali kawai za a jefa ya tarwatse a fuskar yarinya. Masu shago uku ta gajiyar, na ukun har ya ce mata ta je banki ta sayo nasu.

A filin wani tsoho mai sayar da tsofaffin kayan masana'antu ta same shi, tsakanin durowoyin ƙarfe masu lamba da tebura masu taya. Ya fi mutum tsawo, koren fentinsa ya soma ɓarewa, ƙofarsa gilashi ne mai kauri da ragar waya a cikinsa.

"Daga wata masana'antar magunguna da aka rufe na kwaso shi, 'yata," in ji tsohon. "Kin ga robar nan da ta zagaye ƙofar? Ko danshi ba ya shiga, balle kyankyaso. Kuma ba sai kin tuna da kullewa ba. Kina turawa ya kulle kansa."

"Gilashin fa, Baba?"

Ya ɗaga sifana ya ƙwala wa gilashin. Ko tsagewa bai yi ba. Maman Ɗigo ta yi ajiyar zuciya, a karon farko cikin wata guda. Makulli ɗaya ne tak, ɗan siriri mai faɗi, amma ta ce ai ɗaya ya ishi mutum mai lura.

Da aka kawo shi gida ta kira maƙwabcinsu mai walda, wanda Ɗigo ke kira Kawu, ya ɗaure mata shi da bango da manyan notuka huɗu don kada wata rana ya rikito kan yarinya. Yana aiki yana tsokanarta: "Maman Ɗigo, in ginin nan ya rushe kabad ɗinki kaɗai za a tarar a tsaye."

Rana ta uku, wajen ƙarfe biyu, ta buɗe shi ta ciro kantar ƙasa don ta jera yadudduka a tsaye. Sai aka yi sallama a ƙofar gida, wata mai karɓar ɗinki. Ta fita da rigar a hannu, ta bar makullin a jikin ƙofa. Mai gidan ya yi tafiya, babu kowa a ɗakin sai Ɗigo da 'yar tsanarta. Minti biyar ba ta cika ba ta ji ƙaras daga falo.

Ta san ƙarar. Saboda ita ta sayi kabad ɗin.

Ɗigo na zaune a ciki, ta haɗa gwiwa da ƙirji, tana dariya ta bayan gilashi. Ɓuya take yi. Uwar ta kai hannu ga ramin makulli, babu komai a ciki. Ta duba ƙasa, ta ɗaga yadudduka, ta zazzage kwandon zare, ta lalube ƙarƙashin keken ɗinki. Ta dawo ta doki gilashin da tafin hannu.

"Ke! Ina makullin? Kin taɓa shi?"

Dariyar ta ɗauke. Yarinyar ta girgiza kai, ta ƙara matsawa cikin lungu. Muryarta ta fito can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya: "Ban taɓa ba."

Rana ta karkato ta taga, ta sauka daidai kan kabad ɗin. Maman Ɗigo ta ja labule, ta ɗora zani a kan kabad ɗin, ta fita ba takalmi tana ƙwala wa mai walda kira. Ya shigo da guduma da ƙarfen ɓamɓara. Ya nemi inda zai sa bakin ƙarfen, babu. Maƙalan ƙofar ta ciki suke. Bayan kabad ɗin kuwa yana manne da bango, da notukan da shi da kansa ya ɗaure, kuma kawunansu na ciki tare da yarinyar.

"Fasa gilashin!" ta ce.

Ya buga sau ɗaya a can sama. Gilashin ya yi fari a wurin, wayar ta riƙe shi, ɓarɓashi ya zubo kan gashin Ɗigo. Yarinyar ta fashe da kuka, ta rufe kai da hannu ɗaya. Ya ajiye gudumar.

"In na ci gaba a kanta zai zube. Injin yanka kuma tartsatsi ne da zafi, ƙarfen nan zai ɗauki wuta tana ciki."

Gilashin ya soma yin gumi ta ciki. Maman Ɗigo ta kira tsohon a waya, sai da ta latsa lambar wani har sau biyu kafin ta same shi. Ya ce wallahi ba shi da wani makulli, amma su yanke robar ƙofar, iska za ta shiga. Mai walda ya ɗauki rezar ɗinkinta ya bi gefen ƙofar, robar tana fitowa guntu-guntu, baƙa, ta bushe. Abin da ya samu ɗan tsagi ne da bai wuce kaurin kwabo ba.

Kukan Ɗigo ya ragu, kuma raguwar ta fi kukan ban tsoro. Rigarta ta jiƙe, kanta na langaɓewa, idanunta na lumshewa. Uwar ta durƙusa ta goge gilashin da mayafinta, ta manta gumin ta ciki yake. A nan ta lura. Da ɓarɓashi ya zubo, da hannu ɗaya yarinyar ta kare kanta. Ɗayan tun ɗazu yana bayanta, a dunƙule.

"Ɗigo," ta ce a hankali, ta kai bakinta wurin tsagin. "Yana hannunki ko?"

Ta girgiza kai.

"Turo min ta nan. Ba zan dake ki ba."

Yarinyar ta ƙara ɓoye hannun a bayanta.

"Wallahi ba zan dake ki ba, 'yar Mama. Turo."

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar. "Ranar almakashi ma haka kika ce."

Maganar ta shige ta. Gaskiya ne, haka ta ce ranar, kuma tana karɓar almakashin ta zane ta da tef ɗin awo. Yanzu ga yarinya numfashi na yi mata wuya, ga abin da zai fitar da ita a cikin tafinta, amma abin da ke waje ya fi ba ta tsoro. Maman Ɗigo ta buɗe baki, ta rasa rantsuwar da ba ta riga ta yi ba.

Ta juya ga mai walda, ta haɗa hannuwanta biyu ta miƙa masa.

"Riƙe ni."

"Na'am?"

"Don Allah riƙe su, yadda za ta gani."

Mutumin ya dubi hannuwan nata. Sai ya yaye zanin da ta ɗora kan kabad ɗin, ya naɗe mata wuyan hannu da shi, ya damƙe bakin zanin, ya ɗaga sama daidai fuskar yarinyar.

"Kin gani, Ɗigo? Kawu ya ɗaure ni. Ko na so ba zan iya ba."

Ɗigo ta daɗe tana kallon ɗaurin. Sannan ta kalli Kawu. "Kar ka sake ta."

"Ba zan sake ta ba," ya ce.

Hannun ya fito daga baya. Makullin ya jiƙe da gumi, ya suɓuce mata sau ɗaya, ta lalubo shi a tsakanin ƙafafunta. Uwar ta cije leɓe don kada ta ce yi sauri. Bakin makullin ya leƙo ta tsagin, ya maƙale, ya ƙara leƙowa. Mai walda ya sa farce ya ja shi, ya faɗo kan siminti.

Da hannu ɗaya ya buɗe. Zafi ya buso waje kamar an ɗaga murfin tukunya. Ɗigo ta rarrafo, ta ja numfashi, ta yi tari, ta miƙe tana tangaɗi. Uwar ta matso a kan gwiwoyinta, tana kuka, tana kiran sunanta.

Yarinyar ta kewaye ta, ta shige bayan ƙafafun mai walda, ta riƙe wandonsa mai baƙin mai.

Ya sunkuya zai warware zanin. Maman Ɗigo ta janye hannuwanta.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Bar shi har ta zo."