Karaban ɗin Baba Direba

"Ku sauko! Na ce ku sauko mini daga kan nan!"

Muryar Baba Direba ce, maƙwabcinmu. Ina shanya na jiyo ta ta kan katanga, kuma rabon da in ji ya ɗaga murya haka tun kafin ciwo ya kwantar da shi. Na ja mayafi na fita.

A filin da ke gefen ƙofarsu akwai wani tsohon karaban, irin ɗakin nan na ƙarfe mai tayoyi da mota ke ja. Shekara goma sha biyu yana nan. Tayoyin sun sace sun nutse a ƙasa, tsatsa ta cinye fentin, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa. Ranar masu sayen tsoffin ƙarafa biyu na tarar a kan rufin, ɗaya na ƙwanƙwasa shi da guduma. Baba na tsaye ba takalmi, ya riƙe ƙofar karaban ɗin da hannu biyu, ƙafafunsa a kumbure.

Ɗansa, wanda muke kira Dogo, yana lallashinsa. "Baba, don Allah ka koma ciki. Ɗaki zan gina maka a nan, da banɗaki a ciki, ka huta da tsallaka tsakar gida. Wannan abin ban da ɓeraye wa yake amfana?"

"Ɓerayen sun kawo maka ƙara?"

Mai gudumar ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya haɗiye.

"Baba, ba shi da amfani fa."

"Ni ma ba ni da shi. Ku ɗora mu a sikeli tare."

Dogo ya sunkuyar da kai. A nan idon tsohon ya faɗo kaina.

"Maman 'Yan Biyu! Ba ke ce ba ki da wurin ajiye keken ɗinki ba? Je ki ɗauko shi." Ya juya wurin ɗansa. "To, ga amfani."

Ban taɓa kai masa kuka ba. Ta katanga yake jina kullum ina korar yara daga kan yadin mutane, don a ɗakin da mu biyar muke kwana nake ɗinki. Na dubi Dogo don kada in shiga tsakanin uba da ɗa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ba masu ƙarafan haƙuri suka tafi.

Kwana uku muka yi muna shara, ni da matar Dogo. Mun fitar da tukwanen marigayiya matar Baba, da takalmin roba ƙafa ɗaya, da ƙura mai cika buhu. Tagar ta ƙi buɗuwa sai da muka sa mata baƙin mai. Akwai wani tebur da ake saukewa daga jikin bango, kekena ya zauna a kai kamar don shi aka yi. Ƙaramin kwamin wanke hannu ya zama ma'ajiyar maɓallai, kabad ɗin sama ya cika da zare. Can ƙurya akwai siririn gado, na shimfiɗa masa zane ina jera ɗinkin da na gama.

Kowace safiya matar Dogo na fito wa da Baba kujera ta ajiye a bakin ƙofar. Daga nan yake ba da oda. Shi ya sa aka jera gwangwanaye a kan ƙarfen da ake maƙala wa mota, aka shuka tumatir. Shi ya sa aka ɗaura igiya daga rufi zuwa bishiya, aka rataya buhuna a kai, inuwa ta samu, masu kawo ɗinki suka daina sauri. Idan wata ta ce kuɗin ɗinkin ya yi yawa sai ya ce, "Ke, a ofishin injiniyoyi aka ɗinka miki fa."

Amma bai taɓa shiga ba. Ko guguwa ta taso, gida yake sa a mayar da shi.

Wata rana na ce, "Baba, ka shigo mana, akwai iska a ciki."

"Shekara ashirin da takwas ina jan ɗakin nan," ya ce. "Duk inda za a yanka sabuwar hanya, ni ke kai shi. Injiniyoyi su kwanta a ciki, ni in shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Da kamfanin ya tashi, a daji suka bar shi. Na ce abin da na ja duk ƙuruciyata ba zai ruɓe a daji ba, na ari mota na jawo shi."

"To bayan ya zama naka ai ka kwana a ciki?"

Ya girgiza kai. "Ban iya ba, 'yar nan. Da na sa ƙafa sai in ji kamar wani zai ce, wa ya ba ka izini?"

Wata biyu muka yi a haka, sannan numfashinsa ya fara sarƙewa aka kai shi asibiti. Bayan mako guda suka dawo da shi da leda cike da magani. Matar Dogo ta same ni ina guga, ta ce likita ya ce a kai shi gida a bar shi ya ci duk abin da yake so.

Washegari da hantsi sai ga Dogo ya goyo mahaifinsa a baya, ya tsaya a bakin matakalar.

"Ya ce nan yake so a kwantar da shi."

Na kwashe kayan da ke kan gadon da sauri. Dogo ya sunkuya don kada kansa ya bugi ƙofa, ya sauke shi a hankali, ya gyara masa filo. Baba ya daɗe yana kallon sama, inda wata 'yar taga ta gilashi take daidai saitin gadon.

"Kai, 'yan banza," ya ce. "Ashe sararin sama suke kallo. Ni ina can ƙasa ina kallon ƙarfe, mai na ɗiga mini a ido."

Dogo ya yi dariya, ya juya da sauri ya fita.

Na rufe keken don kada ƙara ta dame shi. Ya ce a'a, in ci gaba, ƙarar tana masa kama da inji, kuma in ina taka shi ɗakin na ɗan girgiza kamar ana tafiya. Haka muka yi kwana huɗu. A kawo shi da hantsi, a mayar da shi da yamma. Ruwa kawai yake iya sha, shi ma da cokali. Duk lokacin da na tsaya sa zare ko yanke yadi, ko idonsa a rufe ne, sai in ji ya ce, "Wa ya kashe injin?"

"Mai nake sha, Baba."

"To ki yi sauri, rana na yi."

Ran na biyar, bayan azahar, rigar makarantar wata yarinya nake haɗawa. Dogo ya tafi sayo ƙanƙara, matarsa na kicin. Zaren ƙasa ya ƙare, na tsaya, na ciro kwarkwaron na naɗa wani, na mayar, na ɗora ƙafa. A nan na ankara ba a tambaye ni ba.

Ban juya nan take ba. Na zauna da ƙafata a kan feda ina sauraro, ina jin kaza na tsattsaga a ƙarƙashin ɗakin. Da na juya, hannunsa ya sauko daga gefen gadon, idonsa a buɗe wajen tagar. Na kira shi sau biyu. Sannan na rufe masa ido, na fita na kira matar Dogo. Allah Ya jiƙan Baba.

Kwana goma ban buɗe karaban ɗin ba. Da na buɗe, kaya na je kwashewa, don na san filin na Dogo ne kuma yaransa sun fara yawa. Ina naɗe zare sai ga shi ya zo da tsani da bokitin kwalta.

"Yaya, ina za ki da kaya?"

"Na ce ko za ka so wurin."

Ya jingina tsanin bai dube ni ba. "Damina ta kusa. Rufin na yoyo ta can ƙurya."

Na mayar da zaren kabad, na zauna na jawo rigar da ban ƙarasa ba. A samana ina jin takunsa a hankali, yana tsayawa yana shafawa, garin tsatsa na zubowa kaɗan-kaɗan a kan farin yadin.