Ledar Mama Asibi

Babur ɗin Mama Asibi mai ƙafa huɗu ne, irin na shiga daji, kuma munafuki ne na gaske. A garejin Manniru da ke Jikwoyi, taɓawa ɗaya yake tashi. Amma da ta hau ta nufi gonar doyarta a bayan garin Karshi, kafin ta kai rafi sai ya yi tari biyu ya mutu.

Sau uku ana turo shi. Manniru ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja, bai ga komai ba. Abin ya fara taɓa masa suna, shi da ake kawo wa jif tun daga Utako.

A karo na huɗu ɗanta Jonah ya rako ta, da rigar ofis da fuskar shanu.

"Oga, wannan ne na ƙarshe," in ji Jonah. "In ya sake mutuwa, na sayar. Shekara sittin da biyar tana tura inji cikin daji? Ta zauna gida ta huta."

Mama Asibi sai shafa kujerar babur take yi. Tausayinta ya kama Manniru, don ya san gonar nan ita ce ranta, zaman gida ba hutu ba ne a wurinta.

"Mama, yau ke ce direba, ni fasinja," ya ce. "Ki yi duk abin da kika saba."

Suka bar Jonah a kan benci. A gidan mai, bayan an cika tanki, sai ta kwance bakin zani, ta fito da wata farar leda a ninke, ta shimfiɗa a bakin tankin, ta ɗaure murfi a kai tamau.

Manniru ya dafe kai. "Mama, wannan fa?"

"Don kada mai ya zuba a gargada. Haka nake yi wa jarkan manja, shekara talatin bai taɓa zuba ba."

"To me ya sa ban taɓa ganinta ba?"

"In zan kawo maka ina cirewa. Ku makanikai kuna yar da abun mutane."

Dariya ta kusa kayar da shi. Ya nuna mata ɗan hujin da ke jikin murfin. "Ta nan tanki yake shan iska. In kin toshe, mai ba zai sauka ba."

Ita kam ba ta yi dariya ba. "In Jonah ya ji ni ne na yi, zai ce tsufa ne."

Suka je har rafi ba leda, suka tsallaka, suka dawo, babur ko atishawa bai yi ba.

"Me ya same shi?" Jonah ya tambaya.

Manniru ya laluba aljihu ya zaro wani ƙonannen fiyus na wata mota daban. "Wannan ne. Laifina ne, sau uku ina tsallake shi."

Jonah ya taɓe baki. "Kuma aka ce kai ne gwani."

Maganar ta yi masa zafi, amma ya haɗiye. Mama Asibi ta tayar da baburinta, sannan ta kamo hannun Manniru ta danƙa masa ledar, a ninke tsaf.

"Riƙe, ɗana," ta ce. "Mai kyau ne, kada ka yar."