Ɗakin Kyauta a Rabah

A zamanin Turawa, lokacin da aka fara sharar hanyar mota daga Wurno zuwa Goronyo, Mu'azu magini ne ake kira idan ana son ado a bango. Shi ya ƙawata zauruka da yawa a Wurno. Sai wata damina ciwo ya kwantar da shi, ya tashi hannun dama ba ya ɗaguwa.

Matarsa Kyauta ta ga zaman banza yana cinye shi fiye da ciwon. Wata safiya ta ajiye masa ƙwarya da farar ƙasa, ta ce ɗakinta ya yi duhu, ya koya mata ta gyara abinta.

"Mi kika sani ga bango?" in ji shi.

"Shi ya sa niƙ ƙira ka, Malam."

Ya zauna bakin ƙofa yana faɗa, tana yi. Ta koyi jiƙa ƙaro ta tace, don launi ya kama kada ya bi rigar mutum. Ta koyi cewa jar ƙasa tana haske idan ta bushe, shuni kuwa kaɗan ake sakawa. Zubin farko ta cika ruwa, farin ya zubo har daɓe. Mu'azu ya yi dariya har da tari, dariyar da ba ta ji ba tun kwanciyarsa. Guga da dutse mai santsi ta fi ba ta wuya. Yakan ɗora hannun hagu bisa nata ya nuna mata nauyin da za ta sa.

Maƙwabta suka gani, labari ya bazu. Ɗakunan mata, inda magini namiji ba ya shiga, suka zama nata. Kowace yamma ta dawo ta ba shi labarin abin da ta zana, yana gyara mata da baki, wani lokaci su yi gardama kan launin da bai gani ba.

Bayan shekaru, wani falke a Rabah mai suna Lauwali ya sa aka ɗauko ta ta ƙawata ɗakin mahaifiyarsa. Da ta gama, ta roƙi alfarma ɗaya wurin tsohuwar: a bar mijinta ya shigo ya ga aikin. Tsohuwa ta sa mata suka koma bayan gida, aka shigo da Mu'azu, wanda aka ɗauko daga Wurno bisa jaki.

Ya daɗe tsaye. Kyauta ta zagaye bangon da ja, ta bi shi da siririn shuni, salon da bai taɓa koya mata ba. Ya shafa bangon, ya duba tafinsa.

"Wanga ba nawa ba ne," ya ce a hankali. "Koya mini."

Da suka koma Wurno, ita ta zauna bakin ƙofa, shi yana gwadawa da hagu.