Wayar da Rabo Ya Bari

Maigari ne ya kafa dokar, bayan Mushe Hambali, malamin lakol, wato makarantar boko, ya kai kuka sau uku: duk yaron da bai kai shekara sha biyar ba, in aka gan shi da waya, a karɓe. Mushe ya ce a wasu ƙasashe kamfanonin da ke zubo bidiyo a waya ake kamawa. Maigari ya ce shi bai san ƙofar gidansu ba.

Barira ta ji daɗin dokar. Saura wata biyu 'yarta Nasira ta zauna jarrabawa, kuma Mushe ya gaya mata in yarinyar ta sake faɗuwa, lakol ta ƙare. A da Nasira ce ke karanta wa maƙwabta takardar likita. Yanzu sai ta zauna gindin rumbu tana shafa gilashin waya, tana kallon wata na rawa, wani na faɗowa daga babur. Sau biyu tuwo na ƙonewa a gabanta.

Barira ta karɓe wayar, ta ƙulle a tsumma, ta cusa ƙarƙashin damman gero.

Sai dai wayar ta mijinta ce, Rabo. Ya bar ta da zai tafi Aljeriya, ta nan kaɗai muryarsa ke zuwa, ita kuwa Barira ba ta yi lakol ba. Kwana tara ta daure. Ta fiddo wayar, ta danna nan, ta danna can, ba ta buɗe ba. Ranar kasuwar Cadakori ta kai wa Ɗan Azumi mai caji, ya ce zai kunna mata saƙon mijinta nan take. Ta dubi mazan da ke zaune a rumfar, ta ce ya yi cajin kawai.

Da ta dawo gida ta kira Nasira.

"Zo ki buɗe min babanki."

Nasira ta goge hannu a zane, ta karɓa. Muryar Rabo ta fito da gajiya, iska na kaɗawa a bayanta. Ya gaishe su, ya tambayi akuya, sannan ya ce ya ji labarin dokar. "Maigari ya yi daidai. Kada ki ƙara ba yarinyar nan waya."

"Inna, za ki ba shi amsa?"

Barira ta ce ta ji, za ta kiyaye. Nasira ta aika.

Barira ta koma bakin murhu. Kafin ruwa ya tafasa kiɗan wayar ya tashi daga bayan rumbu. A cikin saƙon Rabo ya ce zai sake aikowa jibi. Ta ƙara kara a wuta.