Ranar Rage Dawa

Yaya bai jira ta buɗe masa ƙofar darni ba. Ya dogara da sandarsa ya ratsa cikin kunyoyin, ya tsaya a kan ramin farko, ya sunkuya iya yadda gwiwarsa ta yarje masa.

"Auta, dawa kika shuka ko tsintsiya?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A gida ne kawai ake ce mata Auta. A asibitin da ta ƙare ƙuruciyarta tana karɓar haihuwa, Sista ake kiranta har ranar da ta ajiye aiki. Gonar nan da ke bayan gidan mai, ƙarƙashin turakun lantarki, ta marigayi mijinta ce. Bana ta fara riƙe ta da hannunta, kuma daga nan take sa ran abin da za ta ci da jikokinta har wata damina.

Ranar shuka ta ji tsoron kada irin ya ƙi fitowa, sai ta riƙa cika hannu tana zubawa. Ya fito kuwa. Kowane rami ya yi cunkus da tsiro, sirara, dogaye, ganyensu ya fara komawa ruwan ɗorawa.

"Na sa musu taki, Yaya. Har na ƙara."

"Ko buhu kika juye musu, faɗa za su ci gaba da yi. Saiwarsu ta sarƙe a ƙasa, kowa na jan ruwa ɗaya. A sama kuma suna tare wa juna rana. Biyu ake bari a rami. In kika bar su haka, kara za ki girba, ba zangarniya ba."

Ta san haka. Masu gonakin da ke kewaye sun sha gaya mata. Ta zo da niyya ba sau ɗaya ba, ta durƙusa, ta kama tsiro, sai ta sake shi ta koma cire ciyawa.

"Hannuna ne ya ƙi," ta ce. "An ce marasa ƙarfin ake cirewa. Ni kuma duk rayuwata, bakwainin da ya fi kowa ƙanƙanta shi nake fara ɗauka."

Ta zaci zai yi mata dariya. Bai yi ba. Ya dubi sama, ya sa yatsa cikin ƙasa ya murza. Jiya an yi ruwa mai kyau, ƙasa ta yi laushi. Gobe kuma za a yi masa aiki a gwiwa a asibiti, likita ya ce ba shi ba gona sai bayan kaka. Yau zai tafi, motar la'asar zai bi.

"Kifa mini bokitin can," ya ce.

Ya zauna a kai, ya miƙe ƙafar mai ciwo gefe. Auta ta tsuguna kusa da shi. Da hannun hagu ya raba tsiron kamar mai duba kan yaro, ya zaɓi biyu masu kaurin gindi, ya danne ƙasar da ke jikinsu da yatsu biyu. Da hannun dama ya kama sauran daga can ƙasa, ya ja su gefe a hankali. Suka fito da saiwarsu fara tas, biyun da ya bari ko motsi ba su yi ba. Ya tura ƙasa ya rufe musu gindi, ya ja bokiti zuwa rami na gaba.

Ta bi hannun nan da kallo. Fatarsa ta tsage, farcensa ya yi kauri, amma ta san irinsa. A ɗakin haihuwa ta ga masu hannu irin wannan, ba su da yawa, waɗanda ba sa gaggawa kuma ba sa rawa. Ta girma gida ɗaya da mutumin nan, ta sha cin abin da ya noma, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda yake yi ba.

"To bismillah, Sista. Ga naki."

Ta rufe ido ta fizga. Ramin gaba ɗaya ya biyo ta, har da ƙasarsa.

"Ikon Allah! Cewa na yi ki rage, ba ki sallami ɗaki duka ba."

"Ai kai ka tsaya mini a ka."

"Ni da ko tsayuwar ba na iyawa? Buɗe idonki. Danne waɗanda za su zauna tukuna, sannan ki ja."

Na biyu ya fi na farko. Na uku saiwa ɗaya kawai ta tsinke. Ya nuna mata guraben da tsuntsaye suka tone irin, inda kunya ta yi giɓi. Ya ɗauki masu ƙwari cikin waɗanda aka cire, ya yanke kan ganyensu don kada rana ta shanye su, ya ce ta huda ƙasa ta dasa, ta taka da diddige.

"Za su kama?"

"Za su yi kwana biyu suna fushi, su kwanta kamar sun mutu. Kada ki taɓa su. Dawa tana karɓar dashe. Da masara ce, da sai dai addu'a."

Wannan ya sanyaya mata rai, har ta fara sauri. Amma kafin azahar gurabe suka cika, ga tsiro tuli a bakin kunya, yawancinsu ƙananan nan da ba a zaɓa ba.

"Waɗannan fa? In kai wa awaki?"

"Kul! Ɗanyen tsiron dawa yana kashe dabba. Bar su nan su bushe, ƙasa ta ci abinta."

Ta dubi tulin, ta dubi rabin gonar da ba a taɓa ba. Babu sauran gurbin da za ta fake da shi. Duk wanda ta cire yanzu, ta cire shi ke nan. Yaya ya jingina haɓa a kan sanda.

Ta shiga kunya ta gaba ita kaɗai. Ta raba, ta zaɓa, ta danne, ta ja. Ba ta waiwayo ba sai da ta kai ƙarshe, gumi na bin wuyanta. Daga can ta ga kunyar ta yi sarari, iska na kaɗa tsiron bibbiyu.

"Haka ake yi," ya ce. Daga bakin Yaya, wannan yabo ne mai yawa.

Ta raka shi tasha riƙe da jakarsa. Kwandasta ya miƙo hannu zai jefa ta saman mota, Yaya ya tare shi da sanda.

"Bar ta, a cinyata za ta zauna."

A lokacin ne Auta ta ji gindin jakar da danshi. Ta ja zif. A gefen kayan da zai kwanta da su asibiti, ga rigarsa ta canji an jiƙa ta da ruwa, an naɗe damin tsiro a ciki. Ƙananan ne, waɗanda ya ce a bari su bushe.

"Yaya! Asibiti fa za ka."

Ya karɓe jakar, ya kau da kai yana gyara hula.

"Ranar da na je hoton ƙafa na ga wani ɗan fili bayan ɗakin maza, kusa da famfo. Ba kowa a kansa sai ciyawa."

"Wa zai dasa maka? Kai da za a ɗaure wa ƙafa?"

"Sai gobe za a ɗaure," ya ce. "Yau ai da sauran rana. Ke dai koma, kada ƙasarki ta bushe."