Gadon da Ba Ya Jiran Mutuwa

Gobe ce intabiyu ta bakwai a neman aikin da nake yi, kuma wallahi na gaji. Kamfanonin manhajar nan kamar sun haɗa baki, tambayoyinsu ba sa canzawa: mene ne aji, mene ne abu, mene ne gado a harkar kwamfuta. Na haddace amsoshin da Turanci har sun koma min surutu, shi ya sa ƙanwata Auta ta ce mu gwada da Hausa, ko sa zauna a kaina.

Da la'asar muna falo, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takardun tambayoyi a hannu, tana muzurai irin na manaja.

"Yaya, me ɗa yake gada daga uba?"

"Duk abin da uban bai kulle ba."

"Wanda ya kulle fa?"

"Yana nan, amma hannun ɗan ba ya kaiwa."

"In aikin uban bai yi masa ba?"

"Sai ya rubuta nasa a kai, a bar na tsohon."

Mun manta ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Wata huɗu ke nan yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, shagonsa na kafinta a rufe. Kunnensa kuwa garau.

Sai muka ji sandarsa tana buga ƙasa. Na shiga na tarar ya juya fuska ga bango, mabuɗin shagon yana kan bargo.

"Ɗauka," ya ce. "Ban kulle muku komai ba. Ba sai kun jira ba."

Kunya ta rufe ni. Kamfanoni shida sun saurare ni sun ce za su kira, na haƙura. Amma idan tsohon nan ya kwana da wannan zato, ban san inda zan sa kaina ba. Na durƙusa kusa da shi.

"Baba, maganar kwamfuta ce. Ka tuna zanen kujera da kake yi a kwali? Shi ne aji. Kujerun da ka ƙera da shi su ne abubuwa. In an zo neman mai lilo, ai ba ka sake zane daga farko, a kan na da kake ɗorawa. Tsohon zanen shi ne uba, sabon shi ne ɗa. Wannan muke ce wa gado."

Bai juyo ba.

"To a kwamfutar taku, yaushe uban yake mutuwa?"

"Ba ya mutuwa, Baba. In aka goge shi, ɗan ma ba ya tashi. Komai tsayawa yake yi."

Auta tana bakin ƙofa, ta cukuikuye takardun a hannu. Can Baba ya laluba da hannunsa mai lafiya, ya jawo mabuɗin a hankali, ya tura shi ƙarƙashin matashin kai.

"Gobe haka za ka gaya musu," ya ce. "Kuma ka goge rigar nan kafin ka tafi."