Dala Tamanin na Gidan Gaudet

Dala tamanin Hector Doiron mai kanti yake bin Zelie Gaudet, kuɗin akwatin gawar mijinta. Ya biya ba a roƙe shi ba. Ni kuwa na sha faɗa, wanda ya riga ka sa hannu a aljihu ranar makoki, ka dubi ɗaya hannun nasa.

Hector shi ne idon jam'iyyar Ja a ƙauyen. Akwatin zaɓensu daban ake ƙirga shi, kuma tun zamanin kakanni Ja ke kwashewa tas. Ƙuri'a ɗaya ta kauce, kafin a fito coci an san mai ita. Ga Aubin ɗan Zelie, shi ke tuƙa motar share ƙanƙara, aikin da Ja ta ba shi, ita ce kuma mai ƙwacewa.

Zelie ba wai son jam'iyyar Shuɗi take ba. So take sau ɗaya, kafin ta bi mijinta, ta shiga bayan labulen zaɓen nan da hannunta ba na Hector ba. Duk kaka takan kai masa kuɗin, ya ce, "Haba, Zelie, gudu zan yi?"

Sai aka ji a rediyo an soke mazaɓarsu, an haɗe ta da ta birni. Ta ɗaure kuɗin ɓarar ƙaguwa a hankici, ta nufi kanti har tana haki.

"Hector, mazaɓa ta mutu. Ungo, a binne ta tare da bashin."

Ya yi dariya har da tari. "Ji tsohuwa da wayo! Suna aka canza. Akwati yana nan a zauren coci, ni ne kuma zan zauna gefensa."

"Ka karɓa dai, don Allah."

"In karɓi kuɗin gawar abokina? A ce da ni me?" Ya turo mata hankicin da yatsa ɗaya. "Ya Aubin? Na ji sabon ɗan majalisa yana da ƙane mai son tuƙi. Amma na ce masa gidan Gaudet namu ne."

Ya sunkuya ya ɗora buhun fulawa a kan teburin kanti.

"Kai wa jikoki. Sanyin bana ba wasa."

Ta dubi buhun, ta dubi ƙofa. Sannan ta cusa hankicin a aljihu, ta rungumi fulawar. A hanya tana lissafi: da kuɗin fulawa, tamanin da huɗu ke nan.